Masu auna karatun yaranmu: su waye su, ta ina suka biyo, kuma ina namu suke?

Shekarun baya na taɓa yin aikin tattara bayanai na sati uku, irin wanda ake kwaso matasa a yi musu bitar kwana biyar a otal, a ba kowa tabulet da ɗan alawus a tura shi ƙauye. Aikin namu gwada karatun yaran firamare ne da Hausa. Tsarin a rubuce yake tsaf, ba ka da ikon ƙarawa ko ragewa: ka zaunar da yaro, ka miƙa masa takarda mai harufa 100, ka danna agogo na minti ɗaya, in ya yi shiru na daƙiƙa uku ka nuna masa na gaba, in ya kasa duka goman farko ka ce masa na gode ka rufe wannan sashen. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da har yau take raina. Ta ɗora yatsa a kan harafin farko tana kallona ina kallonta, layin ya ƙare ba ta furta ko ɗaya ba, na shigar mata da sifili. Da muka tashi sai malamin ajinsu yake ce min ai wannan a Islamiyya ita ke biya wa 'yan ajinsu, aka ɗauko juzu'i aka buɗe mata, wallahi ta dinga zubo shi tana bin layi da wannan yatsan dai da ya ƙi motsi a takardata. Ni kuma babu gurbin da zan sa wannan a tabulet ɗin.

Ban ce sifilin ƙarya ba ne fa. Yarinyar ba ta iya boko ba, shekara huɗu tana zuwa makaranta, kuma haƙƙinta ne a ce ta iya. Amma tun ranar tambaya ɗaya ta tsaya min: wa ya zauna ya yanke abin da za a ƙirga da abin da za a bari? Domin abin da aka ƙirga shi ke shiga rahoto, abin da ya shiga rahoto shi kwamishina da minista da masu ba da tallafi suke gani, kuma a kansa ake raba kuɗi. Ashe auna karatun yara sana'a ce guda, da mutanenta da manyanta da rigingimunta, mu dai a can ƙasan tsanin muka tsaya.

Abin da ya fara ba ni mamaki da na soma bibiyar tarihin mutanen nan shi ne da yawa daga cikin manyansu ba daga tsangayar ilimi suka fito ba. James Coleman na Amurka injiniyan sinadarai ne, ya yi aiki a kamfanin Kodak kafin ya koma jami'ar Columbia ya karanta ilimin zamantakewa. Shi gwamnatin Amurka ta ɗora wa wani ƙaton bincike bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, aka gwada ɗalibai sama da 600,000, rahoton ya fito a 1966. Kowa ya zaci za a ce gini da kayan aiki da kuɗin makaranta su ne suka raba yaran baƙar fata da na farar fata, sai lissafin ya nuna gidan da yaro ya fito da irin yaran da yake zama da su a aji sun fi bayyana bambancin sakamako. Har yau ana musu a kan wannan magana. Andreas Schleicher, Bajamushen da ke jagorantar jarrabawar PISA da ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama tun 2000, fizis ya karanta a Hamburg sannan lissafi a Ostireliya, kuma da sakamakon farko ya fito a ƙarshen 2001 ƙasarsa ce ta fi kowa girgiza don sun ɗauka suna gaba sai suka ga kansu ƙasa da matsakaici. Madhav Chavan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Pratham mai aikin inganta karatun yara a Mumbai ta ƙasar Indiya, dakta ne a ilimin sinadarai. Abin da ya haɗa su ba sunan digiri ba ne, sabo ne da tambayar nan ta ɗakin gwaji: ta yaya ka san abin da kake faɗa haka yake?

To wannan tambayar ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, kuma ta fi wuya fiye da yadda ake zato. A ce gwamnati ta raba littattafai a makarantu 50, bayan shekara sakamakonsu ya fi na sauran. Kowa zai tafa. Amma waɗanne makarantu ne suka samu? Sau da yawa waɗanda ke bakin titi ne, ko waɗanda hedimastansu mai kazar-kazar ne ya bi takarda har ofis, ko garin wani babba. Irin waɗannan ko ba littafi dama sun fi. Ka ga ke nan ba ka san ko littafin ne ya yi aiki ko hedimastan ba. Maganin da masana tattalin arziki suka aro daga masu gwajin magunguna shi ne a bar zaɓin ga ƙuri'a, kada hannun kowa ya shiga, wasu su samu bana wasu baɗi, sai a gwada tsakani.

Michael Kremer na cikin waɗanda suka fara wannan a makarantun Afirka, kuma hanyar da ya biyo tana da muhimmanci. Bayan ya gama digirin farko a Harvard ya je yammacin Kenya ya koyar a wata sakandare ta ƙauye wajen shekara guda a tsakiyar shekarun 1980, wato ya riƙe alli kafin ya riƙe lissafi. Da ya dawo a matsayin mai bincike, shi da Paul Glewwe da Sylvie Moulin suka bi makarantun firamare 100 a yankin Busia da aka raba rukuni-rukuni ana ba su littattafan karatu. Sakamakon ya ba kowa haushi: matsakaicin yaro bai ƙaru da komai ba, waɗanda dama ke kan gaba a aji su kaɗai suka amfana. Dalili kuwa littattafan da Turanci suke, wanda ga yawancin yaran shi ne yare na uku, kuma an rubuta su ne daidai da manhaja ba daidai da inda yaran suke ba. Duk wanda ya taɓa shiga ajin firamaren gwamnati a garuruwanmu ya ga littafin Turanci a hannun yaron da bai san a da ba ba, ya san wannan labarin ba na Kenya kaɗai ba ne. Kremer da Abhijit Banerjee da Esther Duflo su ne suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan salon bincike.

Amma ni wadda ta fi burge ni a duk cikinsu Rukmini Banerji ce, don ita ce ta haɗa ɓangarorin biyu da nake ganin ba a zama gwani sai da su. Tattalin arziki ta karanta a Delhi, ta je Oxford, ta yi digiri na uku a jami'ar Chicago, ta samu aiki mai kyau a wata gidauniyar da ke ba da kuɗin binciken ilimi a can Amurka, sai a 1996 ta tattara ta koma Indiya ta shiga Pratham tana yawo a unguwannin talakawan Mumbai. A 2005 suka fara wani binciken shekara-shekara mai suna ASER, kuma dabarar cikinsa ce abin dubawa. Na farko, gida-gida ake bi ba makaranta ba, domin in ka je makaranta yaran da suka zo ranar kawai za ka samu, wanda ya tafi talla ko gona ko aka cire shi gaba ɗaya ya ɓace daga lissafinka. Na biyu, takardar gwajin shafi ɗaya ce: harufa, kalmomi, ɗan sakin layi, sai gajeren labari irin na 'yan aji biyu. Yaro na karantawa a tsakar gida uwarsa na tsaye, ko ba ta yi boko ba tana gani da idonta inda ya tsaya. Na uku, 'yan sa-kai na yankin ne ke yi. Shekara bayan shekara abu ɗaya yake fitowa, kusan rabin 'yan aji biyar a karkarar Indiya ba sa iya karanta labarin 'yan aji biyu, alhali kusan duk yaran suna cikin rajistar makaranta. Kafin nan gwamnati da yawan shiga makaranta take tinƙaho, bayan nan dole aka fara maganar ko ana koyo. Daga baya aka kwaikwayi tsarin a Kenya da Tanzaniya da Yuganda da sunan Uwezo, a Mali da Senegal ma haka, a Najeriya kuma akwai LEARNigeria.

Ba su tsaya a aunawa ba. Suka ce to a daina raba yara da shekaru ko aji na ɗan lokaci kullum, a raba su da abin da suka iya, masu harufa gefe, masu kalmomi gefe, a koyar da kowa daga inda ya tsaya. Su Abhijit Banerjee da Duflo suka dinga gwada wannan da ƙuri'a sama da shekara goma, kuma a nan ne darasin sana'ar yake. Da 'yan matan unguwa aka ɗauka a biranen Vadodara da Mumbai na Indiya suna zama da yaran da aka bari a baya awa biyu a rana, abin ya yi aiki. Da malaman gwamnati suka yi shi a sansanin hutu a jihar Bihar, ya yi aiki. Amma da aka ba malaman horo da kayan aiki aka ce su yi a cikin zangon karatu, a Bihar da Uttarakhand, sai abin ya ƙi, domin malami ya san abin da za a tambaye shi shi ne ko ya gama manhaja, sai ya koma wa manhajarsa. Mai binciken da lissafi kaɗai ya iya a nan zai rubuta cewa tsarin ba ya aiki a hannun gwamnati ya wuce. Su mutanen Pratham kuwa da yake sun san aji, suka koma suka gyara: a jihar Haryana aka ware awa guda ta musamman a jadawali, aka sa jami'an sa-ido na gwamnati su fara koyar da yara da kansu na wasu kwanaki kafin su je duba kowa, sai ga sakamako ya dawo. Wannan tsarin ne ya iso Zambiya a 2016, ya iso Borno a 2018, aka kuma yi shi a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Ita Rukmini ta karɓi kyautar Yidan a 2021, wadda ke cikin manyan kyaututtukan ilimi na duniya.

Kada wani ya ce ai wannan duk aikin Turawa da Indiyawa ne. Tun kafin su Kremer su gama sakandare Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya fara nasa a Ile-Ife a 1970. Ya ɗauki yara a wata firamare a Modakeke da ke maƙwabtaka da Ile-Ife, wani rukuni aka koyar da su komai da Yarabanci shekara shida cur, lissafi da kimiyya da komai, Turanci ya zama darasi ɗaya cikin darussa, wani rukunin kuma aka bi da su yadda aka saba, yaren gida a farko sannan a juya Turanci. Sai da tawagarsa ta zauna ta ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi da Yarabanci ta rubuta littattafai daga tushe, ka ga ke nan aikin ya haɗa masana harshe da masu manhaja da masu gwaji. Abin da suka samu shi ne yaran Yarabancin ba su faɗi a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Masu suka sun ce ai an ba su sababbin littattafai da ƙwararren malamin Turanci, ta yiwu wannan ya taimaka, kuma suka ce mai ma'ana, irinta ce ke sa a sake gwaji a gyara. Mutumin ya zama ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, ya rasu a 2010.

Yanzu duba abin da ya faru da wannan batu a hannun masu mulki. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a duk shekarun firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar an soke, an koma Turanci, aka kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi harshen uwa. Ni ba na cikin masu cewa harshen uwa sihiri ne, in babu littafi babu malamin da aka horar ya koyar da karatu da Hausa, sunan tsari kawai ba ya koya wa yaro komai. Amma mai bincike na gari tambayoyi zai yi kafin ya yarda da hujjar. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022 ai ko firamare bai gama ba, to ta ina ya rubuta WAEC? Makarantu nawa ne ma suka aiwatar da tsarin a zahiri? Yankunan da ake magana ba su ne kuma suka fi fama da talauci da cunkoson aji da rashin tsaro ba, ta yaya aka ware tasirin harshe daga waɗannan? Abin da ya yi min ciwo shi ne wannan magana ta shafi yaran Hausawa miliyoyi, amma da aka zo musu, mafi yawan abin da muka kawo teburi ra'ayi ne da kishin harshe, alhali abin da ke tsayar da minista shi ne wani ya ajiye masa sakamakon gwaji na shekaru a makarantun Katsina ko Sakkwato ya ce ga shi.

Haka batun Kaduna na 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai kashi 75, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki. Jama'a suka rabu biyu, masu yabo da masu tsinuwa. Akwai wani reshe na wannan sana'a da aikinsa kenan, masu ilimin gina jarrabawa, kuma su abin da za su tambaya daban ne: me ya sa 75 ba 60 ba, wa ya sa wannan layin kuma da wace hujja, in aka sake yi wa mutum ɗaya jarrabawar sati mai zuwa zai samu kusan maki ɗaya, masu makin sun yi daidai da juna, sannan waɗanda aka ɗauka a madadinsu yara sun fi koyo a hannunsu? Malamin da bai iya aikin 'yan aji huɗu ba bai kamata ya tsaya gaban yara ba, wannan ba na jayayya da shi. Amma jarrabawar da za ta raba mutum da abincinsa dole ita ma a auna ta. A jami'ar Ibadan akwai cibiya ta musamman da ta daɗe tana horar da masu wannan fanni, kuma hukumomin jarrabawa na buƙatarsu kullum.

Ko lambar da kowa ke ambata ta yaran da ba sa zuwa makaranta, wani ya ce miliyan 10.5 wani ya ce miliyan 20, mutane su ɗauka ɗaya ƙarya yake. Ba lallai ba. Shekarun yaran da aka ƙirga ne suka bambanta, ta biyun ta UNESCO ta haɗa har da 'yan sakandare. Kuma almajirin da ke tsangaya tun asuba har dare yana karatu yana cikin lissafin waɗanda ba sa makaranta, domin ma'anar makaranta da aka yi amfani da ita ba ta ɗauke shi ba. Wani ne ya zaɓi ma'anar.

A nan na dawo kan abin da ke damuna. A wancan aikin da na yi, duk mu masu zama da yara Hausawa ne, masu sa mana ido 'yan ƙasa ne, amma wanda ya tsara samfurin, wato makarantu da yaran da za a ɗiba a gwada, da wanda ya yi nazarin bayanan da wanda sunansa ya hau rahoto ba mu taɓa ganinsu ba. Ba zargin mugunta nake musu ba, da yawansu sun san aikinsu ƙwarai. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuka na itace da kuka na hawaye rubutu ɗaya ne, gari na zama da gari na tuwo haka, to in ka jera wa yaro kalmomi tsurarsu ba jimla, wane furuci ne daidai wane ne kuskure? Yaron Sakkwato da ya karanta kalma da bakin garinsu, mai gwajin da ya taso a Kano zai iya danna masa kuskure. In injin buga takarda ya cinye ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, gwajin ya lalace tun kafin a bar ofis. Ma'aunin kalma nawa yaro zai karanta a minti ɗaya ba a ɗauko shi daga Turanci a manna wa Hausa. Ga kuma abin da ba ya cikin littafi: a wata makaranta muna isa hedimasta ya tarbe mu da fara'a ya ce bari ya kira mana masu ƙoƙarin, da ƙyar muka lallaɓa shi ya kawo rajista muka bi lambobin da aka ba mu, shi a ransa mutuncin makarantarsa yake karewa, kuma da mun biye masa da rahoton ya nuna ƙauyen ba shi da matsala. Irin wannan sanin yana hannun masu tattara bayanai, amma ba a tambayarsu, ana gama aiki a karɓi tabulet a biya alawus kowa ya kama gabansa sai wani aikin ya fito.

Laifin ba na waje kaɗai ba ne. Ka shiga laburaren tsangayar ilimi ka buɗe kundayen digiri na biyu, za ka ga abu ɗaya ana ta maimaitawa: an raba wa malamai takardar tambayoyi, sun zaɓi na yarda ko ban yarda ba, an fitar da kaso, an rufe da shawarar gwamnati ta ƙara kuɗi. Ba a gwada yaro ko ɗaya ba, ba a zauna a aji ko na awa guda ba. Ra'ayin malami a kan ko allo na taimaka wa koyo ba shi ne shaidar cewa yana taimakawa ba. Kuma ban ga laifin ɗalibin sosai ba, da kuɗin aljihunsa yake yi, mai duba shi na da ɗalibai fiye da ƙima, abin da ake nema a gama a ƙara girma. Binciken da ke bin yara shekara biyu uku yana cin kuɗi, shi ya sa kusan duk manyan gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi a Bauchi da Sakkwato da kuɗin USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, aka yi su, shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN kuma da ya yi aiki a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi kuɗin Birtaniya ne. Da gwamnatin Amurka ta rushe USAID a 2025 mutane da dama da suka kwashe shekaru suna koyon wannan aiki suka wayi gari ba aiki. A Nijar ma ma'aunin da aka fi dogara da shi PASEC ne na ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda a zagayen 2014 ya nuna ko yaro 1 cikin 10 na ajin ƙarshen firamare bai kai matakin da ake so a karatu ba. Akwai kuma wata matsala da ba a son faɗa: sau da yawa wanda ya yi shirin shi ke biyan wanda zai auna shirin, kuma kwantiragin gaba na hannunsa. Sai mai tsoron Allah ne zai rubuta cewa abin bai yi aiki ba.

Ga ƙanina ko ƙanwata da ke sha'awar wannan layi, musamman wanda yanzu haka yake riƙe da alli ko yake yawon tattara bayanai, abin da na gani shi ne rabin da ya fi wuyar samu kana da shi, wato sanin aji da yare da mutane. Rabin da ya rage ana koyonsa. Ilimin ƙididdiga na gaske, ba haddar sunayen gwaji ba, a fahimci yadda ake ɗibar samfuri da dalilin da ya sa yara 30 daga makaranta ɗaya ba daidai suke da yara 30 daga makarantu 30 ba. Manhajar nazari irin su R kyauta ce. Bayanan binciken MICS da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke yi da UNICEF ana samunsu a intanet in mutum ya yi rajista, kuma na 2021 yana ɗauke da gwajin karatu da lissafi na yara jiha-jiha, mutum na iya zama da kwamfutarsa ya fitar da abin da ya shafi jiharsu ya rubuta. Sai iya rubutu gajere, domin babban sakatare ba zai karanta shafi 80 ba, shafi biyu zai karanta a mota. Sai sanin yadda kuɗi ke tafiya tsakanin UBEC da SUBEB, wato hukumomin ilimin bai-ɗaya na tarayya da na jiha, da ƙaramar hukuma, don shawarar da ba ta da gurbi a kasafi a durowa take ƙarewa. Sai amana da yara, a nemi yardar iyaye, a ɓoye sunaye, kada a bar yaro ya tashi daga gabanka yana jin shi daƙiƙi ne.

Rahoton aikin namu ya fito bayan watanni, da Turanci, na neme shi na karanta a waya. An yi shi da kyau, jadawali da zane-zane, sifilin yarinyar nan yana ciki a narke cikin wani kaso. Makarantarsu ba a mayar mata da komai ba. Da na haɗu da malamin ajin a kasuwa bayan kusan shekara ya riƙe hannuna yana tambaya ko sakamakon ya fito, wai yana so ya san su waye cikin yaransa ba su san harufa ba don ya dinga zama da su bayan an tashi. Na ce masa ba a ba mu da suna ba. Washegari na zana masa irin takardar nan mai shafi ɗaya da hannu, harufa a sama, kalmomi, sakin layi, ɗan labari a ƙasa, na ba direban motar garinsu ya kai masa.